Cinikin Biri a Sama

Bahaushe ya san gwanjo tun ba yau ba. Akan fito da kaya fili, jama'a su kewaye su yi ta tayi, wanda ya fi kowa a sallama masa a gaban shaidu. Ni a gidan dillanci na tashi, kuma tun ina ƙarami nake jin mahaifina yana cewa, kayan da ido bai gani ba, hannu bai taɓa ba, ba a ƙirga masa kuɗi.

To, sai ga zamani ya ɗauki gwanjo ya kai shi intanet. A shekarar 1995 wani mutum a Amurka, Pierre Omidyar, ya buɗe dandalin da ya zama eBay, inda mutum zai taya kaya daga ɗakinsa. Sauƙi ya samu, amma shaidu sun ɓace. A kasuwa, idan mai kaya ya saka yaransa cikin taro suna ƙara tayi na ƙarya, mai lura zai gane fuskokinsu. A intanet kuwa mutum ɗaya yakan zama mutum goma. A shekarar 2000 Kenneth Walton da abokansa biyu sun yi irin wannan a eBay, har wani zane na jabu ya kai dala 135,805, kafin asirinsu ya tonu a gurfanar da su gaban shari'a.

A nan gida salon ya bambanta. A 2017 Hukumar Kwastam ta Nijeriya ta fara gwanjon kayan da ta kama ta hanyar intanet. Macuta suka samu inuwar fakewa: su sa hoton mutum cikin kaki a Facebook, su jera motoci da buhunan shinkafa a rabin kuɗi, ko da yake hukumar ta sha gargaɗin jama'a a kansu.

Bara wani abokin kwanana ya ga tallar kwamfuta irin wannan, ga shi yana shirin rubuta kundin kammala digiri. Har ya tura abin da suka kira kuɗin fom, an ce ya cika sauran kafin magariba, in ba haka ba wani ya ɗauka. Da kuɗin makarantarsa zai cika. Na tambaye shi, "Malam, da wa ka yi takarar tayin?" Ya yi shiru. Na ce, "Asusun da aka ba ka, na hukuma ne ko na wani mutum?" Nan ma shiru. Da safe muka adana hotunan hirarsu da shaidar biya, muka kai ƙara banki da wurin 'yan sanda. Kuɗin fom dai bai dawo ba, amma na makaranta ya tsira.

Ya kai mai karatu, ga abin da nake so ka riƙe. Gwanjo na gaskiya a fili ake yinsa, kuma farashi hawa yake yi, ba sauka ba. Duk wanda ya janye ka gefe, ya rage maka kuɗi, ya hana ka shawara da sunan gaggawa, ya ce ka biya a asusunsa na kansa, to ba gwanjo yake yi ba, tarko ya ɗana. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 tana nan, hukumar EFCC ma tana nan, amma kama ɓarawo daban, dawowar kuɗi daban. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji magabata. Allah Ya tsare mu da cinikin biri a sama, amin.