Zuwa Dundee Neman Ilimin Ƙashi

Daga Edinbura na hau jirgin ƙasa na nufi arewa, zuwa Dundee da ke gabashin Sikotlan, inda na samu gurbin digiri na biyu a fannin gano mamaci ta hanyar ƙasusuwansa. Dab da shiga garin jirgin ya hau gadar kogin Tay, mai tsawon fiye da kilomita 3. Ta taga na hango kututturan tsohuwar gada sun leƙo daga ruwa. Ita ce ta rufta da jirgin fasinja a daren 28 ga Disamba, 1879, kuma har yau akwai waɗanda ba a ga gawarsu ba. Tun ban sauka ba garin ya tuna mini abin da ya kawo ni.

Cibiyar nazarin jikin ɗan Adam da tantance mamata ta Jami'ar Dundee ta yi suna ne a hannun Farfesa Sue Black, wadda ta je Kosobo a 1999 aikin tantance waɗanda aka kashe aka binne a ramuka. A nan ake haɗa ɗalibi da abu biyu: gawa da ƙwarangwal.

Ranar da na fara shiga ɗakin fiɗa gabana sai faɗuwa yake, don mu an rene mu da girmama mamaci. Abin da na tarar ya kwantar mini da hankali. Duk wanda ke kwance a wurin shi ya ba da jikinsa tun yana raye, da sa hannunsa. Ba ɗaukar hoto, ba wasa, kuma kowace shekara ana taron karrama su tare da iyalansu. Ana adana gawarwakin ta hanyar da wani masani ɗan Ostiriya, Walter Thiel, ya ƙirƙiro. Jiki ba ya sandarewa, launinsa ba ya gushewa. Na ɗaga hannun wani dattijo, gwiwar hannun ta lanƙwashe ba gardama, na ja jijiya ɗaya a damtsensa, yatsa ya motsa. Abin da na sha haddacewa a littafi, ranar na gan shi ido da ido.

A ɗakin ƙasusuwa kuwa haƙuri ake koya. Baligi yana da ƙashi 206, kowanne da abin da yake faɗa. Ƙashin ƙugu ya fi kowanne nuna jinsi, domin na mace ya fi faɗi saboda haihuwa. Ƙashin cinya ake aunawa a ƙiyasta tsayin mutum. Haƙora su ne ma'aunin shekarun yaro. Ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji shi ke zuwa ƙarshe wajen kammala haɗewa, sai mutum ya haura shekara 20. Wata malama ta miƙo mini ƙashin haƙarƙari mai ɗan ƙulli a tsakiya, ta ce in shafa. Karaya ce da ta warke tun mai shi yana da rai. Irin wannan alama ce uwa za ta ji ta ce lallai ɗanta ne, ya taɓa faɗowa daga kan babur.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne kada ka faɗi abin da ƙashi bai faɗa ba. Rahotonka kotu zai je, ko kuma a miƙa wa iyali gawa bisa maganarka.

Ban yi wannan tafiya don sha'awa kawai ba. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta yi rajistar fiye da mutum 20,000 da suka ɓata a Najeriya, akasarinsu sakamakon rikicin arewa maso gabas. Bayan kowane suna akwai matar da ba ta san ko ta shiga takaba ba, da gadon da aka kasa rabawa. Waɗannan iyalai suna da haƙƙin sanin gaskiya, mamatansu kuma suna da haƙƙin sutura da sunansu. Muna buƙatar masu wannan ilimi a jami'o'inmu da asibitocinmu, kuma da niyyar shiga sahunsu zan koma gida, in Allah ya yarda.