Abin Da Kyamara Ta Nuna Mana Da Dare

A wannan wata labarin tafiya muka kawo muku, tare da wani darasi da muka ɗauko a gefen titi, wanda har yanzu muna jin nauyinsa.

A damanar bara ɗaurin auren wata 'yar'uwarmu ya kai mu Agege a birnin Ikko. Muka bi hanyar bakin teku wadda fatakenmu suka sani sarai: daga Ankara zuwa Aflawo, a shiga Lome, a ƙetare Hilakonji zuwa Kwatano, sannan Seme, sai Nijeriya. Da wani ƙanenmu mai ɗaukar hoton biki ya ji za mu tafi, sai ya ba mu aron tsohuwar kyamararsa da mazauninta mai ƙafa uku, ya ce shi ba ya son turare ko yadi, tsarabarsa ita ce hotunan manyan tituna da dare.

Daren da za mu tashi ya ja mu zuwa Sakul, wajen gadar sama ta Kwame Nkrumah da aka buɗe a 2016, wadda samari ke kira Dubai saboda fitilunta. A nan ya koya mana sirrin abin. Ya ce kyamara da haske take aiki. Da rana idonta yakan buɗe ya rufe cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba, domin haske ya wadata. Da dare kuwa sai an bar idon a buɗe daƙiƙa huɗu, ko goma, ko fiye, ya tara haske kaɗan-kaɗan kamar mai tarar ruwan sama a bokiti. Muddin idon na buɗe, kada kyamara ta motsa ko kaɗan, shi ya sa ake kafa ta a kan ƙafa uku, ko a ɗora ta a kan katanga. Wayoyin hannu na yanzu ma suna da tsarin ɗaukar hoton dare, su ma sukan nemi mutum ya riƙe hannunsa cik na ɗan lokaci.

Da hoton farko ya fito, sai muka yi ta kallo baki buɗe. Titin da ke cike da trotro da tasi da manyan motoci, babu mota ko ɗaya a cikinsa. Duk sun narke sun zama zare-zaren haske: ja a hannun dama, wato fitilun bayan masu tafiya, fari a hannun hagu, na masu tahowa. Masu tafiya a ƙafa kuma sun zama kamar hayaƙi. Amma a can gefe, ƙarƙashin wani ƙwan lantarki, ga mai tsire nan tsaye ya fito tar, har hularsa ana gani. Kusa da shi ga mai gadin wani kanti a kan benci. Ƙanen namu ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai haka hoton dare yake. Mai gudu ɓacewa yake yi, wanda ya zauna shi ke fita."

Ashe abin tsoho ne. A 1838 wani Bafaranshe mai suna Louis Daguerre ya ɗauki hoton wani babban titi a birnin Paris daga tagar bene. A zamanin sai an bar kyamara a buɗe mintoci da dama. Kekunan doki da jama'ar da suka cika titin duk ba su fito ba, sai wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi, da inuwar mai gogewar a durƙushe. Ana lissafa wannan hoto cikin na farko da ɗan Adam ya bayyana a ciki. Wato tun farkon al'amarin, ƙaramin ma'aikacin gefen titi ne kyamara ta riƙe, ta bar masu karusa suka wuce.

To, mai karatu, wane ne ke zaune a gefen titunan biranen bakin teku da ƙarfe goma sha ɗaya na dare? Kai ma ka san amsa. Mai shayi ne, da mai tsire, da mai gadi, da mai goro da sigari a kan tebur. Da yawansu namu ne, ko 'yan zango, ko waɗanda suka gangaro daga arewa cin rani suka daɗe. Mun yi shekaru muna wuce su a cikin mota ba mu ƙirga su ba. A Lome muka sake gwadawa, sakamakon bai canza ba: babura suka zama zare, mai shayi ya fito da butarsa, hannunsa kaɗai ya dushe saboda yana juya shayi daga kofi zuwa kofi.

A Kwatano ne muka yi abin da ya sa muka rubuta wannan shafi. Mun kwana a garin, an yi ruwa da magariba, kwalta ta jiƙe tana mayar da hasken fitilu kamar madubi. Masu babur ɗin haya da ake kira zemijan, da rigunansu masu ruwan ɗorawa, suna ta kai da kawo kamar tururuwa. Muka kafa kyamara a tsallaken titi, muka ɗauki hoton da ya fi duk sauran kyau. A tsakiyarsa ga wani dattijo mai shayi, da farin gemu, ya zuba tagumi kusa da tulin burodinsa. Don murna muka tsallaka muka yi masa sallama, muka nuna masa.

Ya amsa sallama da Hausar mutanen Nijar, ya ba mu benci, ya daɗe yana duban hoton. Sannan ya ce, "Malam, ina za ku kai shi?"

Muka ce, "Baba, tsaraba ce kawai. Wataƙila ƙanenmu ya sa a Facebook, mutane su gani."

Ya yi shiru, ya zuba mana shayi ba mu tambaya ba. Ya ce, "Malam, shekarata goma sha biyu a bakin titin nan. A gida an san ina sana'a a Kwatano, ba a san a kan kwali nake kwana bayan teburin nan ba. Ga kwalin nan ya fito a hotonku. Da wannan buta na aurar da 'ya'ya mata biyu, kuma surukaina suna da waya. Ba na jin kunyar sana'ata, amma Allah ya rufa mini asiri, kada ku ku tona."

Wallahi kunya ta kama mu har muka rasa inda za mu sa ido. Mu da muka taso ana gaya mana cewa ba a shiga gidan mutum sai da sallama, ga shi mun shiga ɗakin kwanan dattijo daga tsallaken titi, don kawai ɗakin nasa ba shi da bango. Muka goge hoton a gabansa, muka nuna masa ya gogu. Ya ƙi karɓar kuɗin shayi, ya yi mana addu'ar sauka lafiya.

Hausawa na cewa dare mahutar bawa, amma ga waɗannan bayin Allah dare ne kasuwa, kuma shi ne suturarsu. Duhu yana rufe tsohuwar riga da tabarmar kwali, ya bar mutum da mutuncinsa. Kyamarar da ke tara haske daƙiƙa goma tana iya yaye wannan mayafi ba tare da mai shi ya sani ba, kuma hoton da aka ɗauka a Kwatano da dare yana iya isa ƙauyensu kafin sallar asuba.

Da muka isa Ikko sai muka canza hali. Motocin danfo masu ruwan ɗorawa da gadoji mun ɗauke su yadda muke so, don mota ba ta da suruki. Amma inda duk mutum zai fito a gane shi, sai mun fara sallama, mun sayi abin da yake sayarwa, mun faɗi ko mu su wane ne da inda hoton zai je. Wasu suka ƙi, muka yi godiya muka wuce. Wani matashi mai tsire a Agege kuwa cewa ya yi mu dakata. Ya wanke hannu, ya gyara hula, ya jera tsirensa, ya tsaya ƙyam har daƙiƙa huɗu, hayaƙi na tashi a bayansa, motoci sun zama jan zare a gefensa. Ya ce mu tura masa ya aika wa mahaifiyarsa. Wannan hoto shi ne ƙanenmu ya wanke ya rataye a shagonsa.

Ga matasanmu masu sha'awar wannan abu, ga 'yar shawara. Kada ku fita ku kaɗai da dare a garin da ba ku sani ba, ku nemi ɗan gari ya raka ku, ɗaya na ɗauka ɗaya na lura da baya. Kada ku fito da kyamara a kan iyaka, ko kusa da shingen jami'an tsaro. Kada ku haska wa direba walƙiyar kyamara a ido. Sama da duka, ku yi sallama kafin ku danna, domin mutumin da zai fito a hotonku ƙila uban wani ne a zangonku.

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya sa albarka a neman masu kwana a bakin titi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.