Mako Guda a Horo Birni, Cikin Hunturu

Litinin

An gama kaka, gero da dawa sun shiga rumbu, maza sun fara tafiya ci-rani. Da safe a hanyar makaranta na ga motar Shagari cike da magidanta da jakunkunansu, wasu Legas, wasu Ibadan, sai kuma damina. Inna mai gidan da nake haya ta kawo mini fura, ta ce, "Malama, ke kuma yaushe za mu sha biki?" Da yamma Mama ta kira daga Zuru da tambaya iri ɗaya. Na ce musu lokaci na Allah ne.

Talata

Sanyi ya hana barci, na buɗe Farawa sura 29. Yakubu ya yi wa Laban bauta shekara bakwai saboda Rahila, aka wayi gari sai ga Lai'atu a ɗakinsa. Ta yi zaman aure da mutumin da zuciyarsa take wani ɗaki. Ta haifi Ra'ubainu, da Saminu, da Lawi, tana ta sa ran mijin zai juyo. Da ta haifi na huɗu, Yahuza, ba ta ambaci Yakubu ba, sai ta yabi Ubangiji. Daga zuriyar wannan yaron Dawuda ya fito, Yesu Almasihu ma ya fito. Mijinta bai zaɓe ta ba, amma Allah bai tsallake ta ba.

Laraba

Wata 'yar'uwa a cikin Ubangiji ta kira daga Bodinga. Mijinta ɗan sanda ne, an tura shi gabashin jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga. Ta ce rashinsa bai fi zuwansa zafi ba: ya ci tuwo, ya riƙe waya, ya juya baya ya kwanta. "Anti, ke kin huta, ba mai ɓata miki rai." Ni kuwa kullum ita nake gani a inuwa. Na ce ta sa ran zuwana gobe.

Alhamis

Na same ta tana tace zoɓo, robobi jere a tire, hannunta ya yi jawur. Hoton aurensu yana rataye a bango, ƙura ta rufe gilashin. Na karɓi mazurari ina ɗurawa, ita tana ɗaurewa, magana ta riƙa fitowa da kanta. Duk wanda ta kai wa kuka, amsarsa ɗaya: "Ki yi haƙuri." Na ce, "Ƙanwata, haƙuri daban, cin rai a ɓoye daban. Ki je wurin matar fasto, a zauna da shi. In kuma ya taɓa ɗaga miki hannu, a ranar iyayenki da dattawan ikilisiya za su ji." Ta ce bai taɓa ba. Muka karanta labarin Hajaratu a jeji, Farawa sura 16, baiwar da ta gudu ita kaɗai da ciki, Allah ya gan ta a bakin maɓuɓɓuga. Muka yi addu'a. Ta ce za ta shiga adashe da kuɗin zoɓon, ta sayi firji.

Juma'a

An tashi makaranta da wuri, gari ya yi tsit lokacin salla. Inna ta daɗe da rasa mijinta, amma ban taɓa ganin tsakar gidanta ba mace. Ta ba ni labarin 'Yan Taru na Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864: jajoji, wato malamansu mata, yawancinsu dattijai, da malfa a ka, suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. "Ɗiyata," in ji ta, "zumunta a ƙafa take." Addininmu ba ɗaya ba ne, amma wannan darasin na ɗauka.

Asabar

Wanki da kitso. Da dare na karanta 1 Korintiyawa sura 7, inda Bulus ya nuna cewa marar aure tana da sararin hidimar Ubangiji. Ina son aure, ban daina roƙo ba. Amma shekarun nan ba zaman jiran mota ba ne, rayuwata ce, kuma za a tambaye ni yadda na yi da su.

Lahadi

Na bi ta Shagari da Bodinga zuwa sujada a Sakkwato, a wata ikilisiyar ECWA. Zumuntar Mata sun fito da anko, ana buga tulu. Sanarwa duk ta aure ce da suna. Matan da suka zo su kaɗai suka zauna a baya, aka tashi suka fice. A taron mata na ce wa shugabarmu, "Mama, mu rubuta sunayen 'yan'uwanmu da ke zaune su kaɗai a garuruwan hanyar Jega, malamai, ma'aikatan asibiti, matan jami'an tsaro, gwauraye, mu riƙa kai musu ziyara bibbiyu." Wata ta kawo maganar kuɗin mota, aka yarda a cire daga baikon zumunta. An ba ni Bodinga da Shagari, za mu fara Asabar mai zuwa.