Aberdaron, ƙauyen da ke bakin ƙasa

Litinin

Daga Pwllheli bas ta ɗauko mu, tana ratsa gonaki da garken tumaki a kan 'yar siririyar hanyar da in motoci biyu suka yi kiciɓis sai ɗaya ta ja da baya. Da la'asar muka gangaro Aberdaron, can ƙarshen zirin Llŷn a arewa maso yammacin Wales. Fararen gidaje ne suka taru a bakin rafin Daron, ga gadar dutse, ga gidan burodi, ga teku a gaba. Tun daga tasha direba da fasinjoji harshen Welsh suke yi, sai in sun juyo kaina su koma Turanci. Dattijuwar da na sauka gidanta ma haka. Ta tarbe ni da Turanci, ta ɗaga waya ta ci gaba da faɗa wa jikanta magana da harshen uwarta.

Talata

Cocin Hywyn a kan yashin teku yake, har katanga aka yi masa don kada ruwa ya kwashe maƙabarta. Ƙofarsa ta yamma tun ƙarni na 12 take. A ciki na daɗe gaban wasu duwatsun kabari guda biyu na wajen ƙarni na 6, waɗanda aka ɗauko daga Anelog, kusa da nan. Ruwa da iska sun goge su sumul, amma haruffan Latin suna nan, manya, a karkace, hannun mai sassaƙar bai daidaita ba. Ɗaya na wani limami ne, Veracius, ɗaya na Senacus, wanda rubutun ya ce yana kwance tare da 'yan uwa masu yawa. Na sa yatsa na bi layin sunan, sanyin dutsen ya ratsa ni.

Wannan wuri mafaka ne a da. A 1094 Gruffudd ap Cynan, sarkin Gwynedd, ya fake a nan yana gudun Normawa, aka ba shi jirgi ya haye Ailan. A 1841 aka gina sabon coci can tudu saboda tsoron teku, amma zuciyar mutane ba ta bi shi ba, suka dawo tsohon suka gyara. Mawaƙi R. S. Thomas shi ne limamin wurin daga 1967 zuwa 1978. Sai da ya girma ya koyi Welsh, kuma har ya rasu yana jin zafin cewa da Turanci waƙa take zo masa.

Laraba

Yau ya kamata in haye tsibirin Enlli, wanda Turawan Ingila ke kira Bardsey, amma mai jirgi ya aiko cewa babu tafiya. Mashigin da ke tsakani kimanin kilomita 3 ne, sai dai igiyar ruwansa ta ci jirage da yawa, kuma nan ba a musu da mai jirgi. Na sha shayi a Y Gegin Fawr, inda ake cewa masu ziyarar ibada na zamanin da suke cin abinci suna jiran ruwa ya lafa. A wancan zamanin ana lissafa ziyara uku zuwa Enlli daidai da ɗaya zuwa Rum. Na tuna kakanninmu da suka bi ta Sudan a ƙafa suka zauna a bakin Bahar Maliya suna jiran jirgi.

Da yamma mai masaukina ta ba ni labarin Dic Aberdaron. Sunansa Richard Robert Jones, an haife shi a 1779, ɗan kafinta, bai yi makarantar kirki ba. Shi kaɗai ya koya wa kansa harsuna fiye da goma, har da Ibrananci da Girkanci da Larabci. Ya yi yawo da tsumma a jiki da littattafai cike da aljihu, ya haɗa ƙamus na Welsh da Girkanci da Ibrananci, bai samu mai buga masa ba, ya rasu a 1843 da talaucinsa. Abin ya tsaya mini a rai. Ƙauye ya haifi irin wannan ƙwaƙwalwa, zamaninsa ya ɗauke shi abin kallo.

Alhamis

Ruwa ya kwanta. Daga Porth Meudwy muka tashi, wani ɗan lungu tsakanin duwatsu inda tarakta ke tura jirgi cikin ruwa, kwandunan kamun ƙaguwa jibge a gefe.

Al'ada ta ce waliyyi Cadfan ya kafa gidan ibada a Enlli a 516, kuma waliyyai 20,000 ke kwance a ƙasarsa. Abin da ya rage a tsaye shi ne guntun hasumiyar gidan sufaye na ƙarni na 13, wanda aka rufe a 1537 zamanin Henry na Takwas. A kudu akwai hasumiyar fitilar jirage ta 1821, mai kusurwa huɗu, fenti ja da fari. Gangaren dutsen cike yake da ramuka. Wasu tsuntsayen teku ne ke ƙyanƙyasa a ciki, ba sa dawowa sai dare, kuma in lokacin sanyi ya gabato su tashi har gaɓar Kudancin Amurka.

Amma gidajen manoma ne suka fi riƙe ni. A ƙarshen ƙarni na 19 mutum fiye da ɗari ke zaune a nan, suna noma, suna su, har da sarkinsu mai kambi. Na ƙarshe, Love Pritchard, ya bar tsibirin a 1925 tare da yawancin jama'arsa, don ƙarfi ya ƙare kuma matasa sun tafi. Shekara na zagayowa ya rasu, aka binne shi a Aberdaron. Tun 1979 wata gidauniya ce ke riƙe da tsibirin, kuma a 2023 ya zama wuri na farko a Turai da aka ba matsayi mafi girma na kiyaye duhun sama. An kula da shi ƙwarai. Sai dai mazaunan yanzu 'yan kaɗan ne, mafi yawan gidajen haya ake ba masu hutu.

Juma'a

Da safe na ji yaran firamare a filin wasa suna ihu da Welsh, da shi ake koya musu komai. Ƙidayar 2021 ta nuna kashi 17.8 cikin ɗari na mutanen Wales ke jin harshen, a Gwynedd kuwa, yankin da Aberdaron ke ciki, wajen kashi 64. Na ce wa mai masaukina, “Mama, ai ku kun tsira.” Ta girgiza kai ta fito da ni ƙofa, tana nuna mini gidaje ɗaya bayan ɗaya: wannan na hutu ne, wancan ma, na kusa da shi sai bazara ake kunna fitilarsa. Masu kuɗi daga biranen Ingila sun saye, farashi ya tashi, ɗan gari mai aikin gona ko su ba zai iya ba. Jikanta babba yana Pwllheli da iyalinsa saboda haka.

Majalisar Gwynedd ta ɗora ƙarin haraji na kashi 150 cikin ɗari a kan irin waɗannan gidaje tun Afrilun 2023. Masu shaguna na ƙorafi, domin da kuɗin baƙi suke ci, kuma ƙorafinsu gaskiya ne. Duk da haka ina bayan majalisar.

Asabar

Na leƙa ƙauyen Rhiw da ke kusa, inda aka haƙi manganis don ƙera ƙarfe a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, har aka rufe a 1945. Ramuka ne kawai da ciyawa. Ban daɗe ba, bas ɗin yamma na jirana.

Enlli ya rasa mutanensa saboda wahalar ruwa da tsufa, wannan ba laifin kowa ba ne. Aberdaron kuwa in ya rasa nasa, tsadar gida ce za ta kore su, kuma wannan abu ne da hukuma ke iya tarewa tun yaran makarantar nan ba su kai neman muhalli ba.