Uwar da ba a kira kotu ba

Ran 27 ga Oktoba 2008, kotun CEDEAO da ta zauna a Yamai ta yanke hukunci a ƙarar Hadijatou Mani. Ta ce gwamnatin Nijar ta kasa kare ta daga bauta, don haka ta biya ta diyyar sefa miliyan 10. Mu mutanen jihar Tahoua labarin a ƙofar gidanmu ya faru: yarinya 'yar shekara 12 aka sayar a 1996 kan jika 240, aka kai ta wani gida a ƙasar Ƙonni a matsayin wahaya, wato baiwa sa-ɗaka, ta shekara 9 tana aikin gida da na gona, tana haihuwa. Da ta samu takardar 'yanci a 2005 ta auri wanda take so, sai aka ɗaure ta wai ta yi aure kan aure. Ƙungiyar Timidria ta tsaya mata har gaskiya ta yi halinta. Na yi murna a ranar, har yau kuma ina yi.

Sai dai duk yarinyar da aka sayar, daga hannun wata aka karɓe ta. Wannan darasi a ajin yaƙi da jahilci na ɗauke shi, lokacin da nake koyar da mata a wani ƙauye arewa da Tahoua, kan hanyar Cintabaraden.

Da hannun ɗalibaina ya fara faɗawa, na ce kowace ta rubuta sunayen ɗiyanta a allo. An sha dariya, don da yawa kunya ta hana su rubuta na fari. Wata dattijuwa da Tamashek ne harshenta na gida, Hausarta kuwa ta kasuwa, ta duƙa ta daɗe tana jan alli. Na duba, suna biyar. Duk ƙauyen huɗu aka san ta da su. Bayan an watse na tsuguna kusa da ita.

"Inna, wannan na biyun fa? Allah ya yi mata rasuwa ne?"

"Malama, da na san rasuwa ta yi, ai da na yi mata sadaka na huta."

Ta ce yarinyar tana famfara, haƙoran gaba duk sun zube, aka aiko daga zangon maigida cewa za ta raka ɗiyarsa ɗakin aure. Ba shawara aka zo yi ba. Ta wanke mata kai, ta ɗaura mata zane, aka aza ta kan raƙumi. Bayan shekaru ta ji ƙishin-ƙishin an wuce da ita kudu, wasu na cewa Illela, wasu na cewa har an ƙetare iyaka. Ta faɗi wannan duka ba hawaye, tana share allon da bakin mayafinta a hankali, tana kewaye sunan.

A tsohuwar al'adar bauta ta wannan yanki, ɗan baiwa na ubangijin uwarsa ne: ya ba da shi kyauta, ya haɗa da kayan aure, ya bar shi gado. Dokar 2003 ta haramta bauta, ta yanke ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Doka ce mai kyau, amma mai laifi take kallo. Ba ta juyo ta tambayi uwa me aka ɗauke mata ba.

Na tambayi Inna, da gwamnati za ta kira ta, me za ta nema? Ba ta kawo zancen kuɗi ba, alhali gero mudu-mudu take awo. Cewa ta yi a faɗa mata ko tana raye, in kuma tana raye a shaida mata cewa uwarta ba ta ba da ita ba. Na biyun ya fi ci mata rai. Tsoronta shi ne yarinyar ta girma tana zaton an yarda da tafiyarta. Daga baya na ji irin wannan magana a bakin wasu mata, kusan kalma da kalma, kuma ba su san juna ba.

Abin da ya sa nake bibiyar labarin Ostareliya ke nan. Can, daga shekarun 1950 zuwa na 1970, asibitoci da gidajen riƙon 'yan mata sun raba jarirai da dama da uwayensu da suka haihu ba aure, aka ba wasu iyalai. Ran 21 ga Maris 2013 firaminista Julia Gillard ta nemi gafararsu a bainar jama'a, gwamnati ta ware kuɗin taimaka musu wajen neman takardu da gano 'ya'yansu. A 2024 jihar Biktoriya ta fara ba kowace uwa dalar Ostareliya 30,000. Ita ma ƙasar Ailan ta nemi gafara kan irin wannan a 2021. Tarihinmu da nasu ba ɗaya ba ne, kuma baitulmalinmu bai kai nasu ba. Abin da na ɗauka shi ne hukuma ta buɗe baki ta ce wa uwa: ba laifinki ba ne, an zalunce ki. A wurinmu, inda mace ke ɓoye asalinta don kada a ƙi auren jikokinta, wannan magana daga bakin gwamna ko sarki tana da nauyin da ba za a auna da sefa ba. Diyya kuma haƙƙi ce, ban sauke ta ba. Tsohuwar da aka raba da ɗiyar da za ta jiƙanta a tsufa ta yi asara ta zahiri.

Wahalarmu ta fi tasu ta fuska ɗaya. Su suna da kundin asibiti. Ɗiyar Inna ba ta da takardar haihuwa, ba hoto, wataƙila ma an sauya mata suna. Kundinmu yana cikin kawunan tsofaffi: dillalin da ya shiga tsakani, direban da ya ɗauko, ungozomar da ta yanke cibi, mai garin da ya gani ya yi shiru. Kowace damina ana binne wasu daga cikinsu. Ga shi kuma tun Janairun 2025 Nijar ta fice daga CEDEAO, ke nan ƙofar da Hadijatou ta bi ba ta nan. Abin da za a yi, a cikin gida za a yi shi.

Ba ya buƙatar miliyoyi kafin a fara. A kowace ma'aikatar magajin gari, daga Abalak zuwa Ƙonni, a ajiye mace mai jin Hausa da Tamashek da littafi guda, a ɗaki mai ƙofa, ta rubuta sunan yaro, da shekarar da aka tafi da shi ko da ta lissafin fari da yunwa ce, da tabon jiki, da inda aka ji an nufa. A riƙa gwama littafin arewa da na kudu. Gidajen rediyon karkara su karanta cigiya ba tare da tona asirin mai nema ba, a kuma ɗauke wa uwa kuɗin mota ranar da aka samu labari. Waɗanda aka ƙetare da su, sarakunan Ƙonni da na Sakkwato sun san hanyar gidajen juna tun kafin a shata iyaka, kuma wasiƙar sarki tana shiga zauren da ɗan sanda ba ya shiga.