Kiɗan Mario da Gardamar Masoyansa

Tun shekarar 1985 da kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar da wasan Super Mario Bros., masoya wasannin tsalle-tsalle, wato waɗanda ɗan wasa ke gudu daga hagu zuwa dama yana ƙetare ramuka da abokan gaba, ba su daina gardama a kan kiɗan wasannin ba. Wasu na cewa begen ƙuruciya ne kawai ke ruɗar mu, sautin kuwa bai fi kukan gyare ba. Wasu kuma sun ɗauke shi gwaninta da ta cancanci a zauna a saurara. Ina tare da rukuni na biyu, sai dai hujjata ta sha bamban da tasu.

Mu da muka taso a farkon shekarun 1990, yawancinmu jabun na'urar Famicom muka sani, da kaset ɗin nan mai alƙawarin wasa dubu alhali bai wuce goma ba. Ba mu taɓa jin sunan Koji Kondo, wanda ya tsara kiɗan, ba. Amma har yau in wani ya fito da amon farko ta hanyar fito, sa'o'ina za su ƙarasa masa.

Ya kamata a san irin ƙuncin da Kondo ya yi aiki a ciki. Wasan gaba ɗayansa, hoto da sauti, kilobait 40 ne, bai kai hoto guda na wayar zamani ba. Muryoyi uku kacal yake da su na rera kari, sai ta huɗu mai shuu da ta tsaya a madadin ganga. Su ma ukun ba nasa ba ne shi kaɗai: duk lokacin da Mario ya yi tsalle ko ya ɗauki kwabo, sai a ari murya ɗaya a fitar da wannan ƙarar, sannan a mayar. Wanda aka ba wannan ɗan abin ba shi da inda zai ɓoye raunin waƙarsa. Dole karin ya tsaya da ƙafarsa, ya kuma jure maimaici ɗaruruwa ba tare da ya gundiri mai wasa ba.

Nan nake rabuwa da abokan ra'ayina. Su suna auna kiɗan ne a ware, suna jera gwanaye: wannan ya ce Masato Nakamura, da ya yi wa Sonic na kamfanin Sega kiɗa a 1991, ya fi armashi, wancan ya ce ba kamar David Wise na Ingila, saboda kiɗan ƙarƙashin ruwa mai sanyaya zuciya da ya tsara wa Donkey Kong Country a 1994. Duk gwanaye ne, ban musa ba. Amma wannan kiɗan aiki ne, ɗan'uwan kiɗan gayya, inda makaɗi ke kallon manoma yana daidaita bugunsa da saran garma. Kondo da kansa ya bayyana cewa ya yi watsi da abin da ya fara tsarawa bayan ya ga bai dace da gudun Mario da tsallensa ba. Ashe idonsa na kan ƙafar ɗan wasa kafin kunnen mai sauraro.

A 2023 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya shigar da taken Mario cikin kundin sautukan da ake adanawa, karo na farko ga kiɗan wasan bidiyo. Na yi murna, ko ba komai an san da marubucinsa. Haka kuma manyan ƙungiyoyin makaɗa kan buga shi a zaurukan taro, jama'a na zaune cikin natsuwa. Nakan saurara, sai in ji kamar an kawo gangar noma cikin falo. Amon yana nan, ya ma fi kauri, amma ba ramin da za a faɗa, ba ran da za a rasa.

Ɗalibin da yake son ya gane abin da nake nufi, ya riƙe madannin wasan ya yi jinkiri da gangan har lokacin da ke saman allo ya sauko ƙasa da 100. Wata gajeriyar ƙara za ta gargaɗe shi, sai waƙar nan da ya saba da ita ta dawo da sauri, ba a canza mata kari ko ɗaya ba. Daga nan yatsunsa za su fara kuskuren da ba su yi ba minti ɗaya da ya wuce.