Tambayoyin da Manhaja Take Yi Kafin a Gina Ta

Kwamfutar da ba a koya wa Hausa ba, idan aka ba ta kalmomi ta jera, lambobin da tsarin Unicode ya ba kowane harafi take bi. Haruffa masu lanƙwasa kuwa lambobinsu suna can nesa da na a zuwa z: ƙ tana kan U+0199, ƴ kan U+01B4, ɓ kan U+0253, ɗ kan U+0257. Shi ya sa ɓera yakan koma bayan zomo, ƙafa ta yi hannun riga da kafa, har ƙasa ta riga ɓawo zuwa. Maganin wannan ba ɓoyayye ba ne. Akwai laburare, wato tarin umarni da aka riga aka rubuta domin kowace manhaja ta ara, mai suna ICU, wanda yake ɗauke da ƙa'idojin jera haruffa na harsuna masu yawa, har da Hausa. Sai dai duk manhajar da ta jingina da shi ta ɗora wa kanta sharaɗi, domin ba za ta ginu ba sai a kwamfutar da take da shi. Irin waɗannan su ake kira abubuwan dogaro.

Wani ɗalibi ɗan asalin Maga, mai karatun kwamfuta a Garwa, ya rubuta ɗan ƙamus na Hausa da Fulatanci da Faransanci a harshen C, ya dogara da ICU wajen jere, da SQLite wajen ajiyar kalmomi da bincike. Wanda ya yi dominsa shi ne tsohon malaminsa na sakandare a Maga, mutumin da ya farfaɗo da wasu tsofaffin kwamfutoci da Linux yana koyar da yara a kansu. Maga garin shinkafa ne da kifi a yankin Mayo-Danay na jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru, a bakin tafkin da aka tare da madatsa a 1979 domin shayar da gonakin SEMRY. Tsakaninsa da Marwa akwai kimanin kilomita 80, daga Marwa zuwa Garwa kuma fiye da 200. Kwamfutocin malam ba su haɗe da intanet. Abin da ya rasa, sai dai a ɗauko masa a filasha daga birni, da damina kuwa ba kullum hanya take yarda ba.

A kwamfutar ɗalibin komai yana ginuwa lami lafiya, kuma wannan ba shaidar komai ba ce. Injin mai rubuta manhaja kamar ɗakin tsohuwa yake, shekara da shekaru ana tara kaya, har mai ɗakin ya manta abin da ya shigo da shi da ranar da ya shigo. Wanda zai karɓi aikin kuwa ɗakinsa daban. Tun 1976 Stuart Feldman ya ƙirƙiro make a ɗakunan bincike na Bell a Amurka, mai bin matakan gini ɗaya bayan ɗaya. Amma make ba ya tambaya, aiki kawai yake kamawa, sai ya yi nisa ya ci karo da abin da babu, ya tsaya, ya zubo layukan Turanci da ko masu sana'ar sai sun natsu kafin su gane. A 1991 David MacKenzie ya soma Autoconf domin manhajojin GNU. Mai manhaja yana rubuta buƙatunsa a fayil mai suna configure.ac, Autoconf ya mayar da su dogon rubutun umarni mai suna configure, wanda ake gudanarwa kafin make. Aikinsa tambaya ce zalla: akwai mai harhaɗa C? Akwai fayil kaza? Laburare kaza yana amsawa? Yawancin layuka sukan ƙare da e ko a'a, cikakken bayani kuma ya tafi config.log. Ba a fafe gora ranar tafiya, in ji Hausawa. Configure shi ne fafewar. CMake da ya zo a 2000 hanyarsa daban, amma tambayoyin su ne dai.

Abu na farko da ya ɗauki hankalin ɗalibin shi ne, a Debian da Ubuntu laburare yakan rabu gida biyu. Kashi ɗaya na gudanar da manhajar da aka riga aka gina ne, ɗayan kuma, mai ƙarewa da -dev, shi ne na gini. Malam yana iya rantsuwa cewa ICU yana kwamfutarsa, kuma gaskiya ya faɗa, alhali libicu-dev babu shi. Wannan pkg-config yana warware shi cikin sauƙi: a tambaye shi icu-i18n da sqlite3, ya faɗi ko suna nan, da sigarsu, da inda suke zaune.

Na biyu ya fi zurfi, kuma nan ne akidar Autoconf take da ƙarfi: a gwada iyawa, kada a tsaya ga suna ko lambar siga. Ƙamus ɗin yana amfani da FTS5, sashen binciken kalmomi da ya shiga SQLite a siga ta 3.9.0 a 2015. Amma sashe ne na zaɓi. Wanda ya harhaɗa SQLite yana iya barinsa a waje, lamba kuma ta ci gaba da nuna sabuwa. Don haka ɗalibin ya sa configure ya rubuta 'yar manhaja mai layuka kaɗan, ta buɗe ma'ajiya ta wucin gadi, ta nemi kafa teburin FTS5, a gani da ido. Haka ya yi wa ICU, wanda wasu kan rage masa bayanan harsuna domin ya yi sauƙi. Idan aka nemi ƙa'idar Hausa babu, ba ya ƙin aiki, sai ya koma ƙa'idar gama-gari da ɗan gargaɗi da ba kowa yake dubawa ba. A nan akwai tarko mai ban sha'awa ga mai nazarin harshe. Gwada bara da ɓera ba ya tona komai, domin ƙa'idar gama-gari ma tana ajiye ɓ tsakanin b da c. Abin da yake na Hausa shi ne ɗaukar sh da ts a matsayin haruffa masu zaman kansu. Sai a ba shi suna da shanu: in suna ya riga, Hausa ake ji, in shanu suka riga, baƙo ne ya sa babbar riga.

Duk wannan fasaha ce. Inda ɗalibin ya fi daɗewa shi ne wurin da littattafan koyarwa suke wucewa da sauri. Bisa al'ada, PKG_CHECK_MODULES yana tsayar da komai da zarar ya rasa abu na farko. Ga mai intanet a Yawunde ko Faris wannan ba komai ba ne: ya sauke, ya sake gwadawa, ya ga na biyu, ya sauke, duka cikin minti kaɗan. A Maga kowace a'a saƙo ne zuwa Marwa da jiran mota. Abu uku da suka ɓace sun zama tafiya uku. Masu tsara kayan aikin ba mugunta suka yi ba, sun dai auna duniya da tsawon igiyarsu. Sa'ar da aka yi, umarnin yana karɓar abin da za a yi idan ba a samu ba. Ɗalibin ya sa a rubuta sunan abin a jeri, a wuce zuwa tambaya ta gaba, sai a ƙarshe AC_MSG_ERROR ya faɗi duka a lokaci guda, kowanne da sunan da ake nemansa da shi, tare da sigar Linux ɗin da aka karanto daga /etc/os-release, tunda libicu-dev na wata siga ba ya zama a kan wata.

Ya kuma raba wajibi da mustahabbi. SQLite wajibi ne, kuma da yake ana samunsa a dunƙule cikin sqlite3.c, sai ya haɗa shi cikin kayan, a koma gare shi idan na kwamfutar bai cika ba. ICU kuwa bayanansa kaɗai sun kai kusan megabait 30, ba abin cusawa ba ne. Ya buɗe ƙofar --without-icu, inda wani ɗan teburi nasa yake jera Hausa da Fulatanci daidai, Faransanci kuma ya yi haƙuri da wasullansa masu alama.

Da ya karanta wa malam saƙon ƙarshe ta waya, na Faransanci da na Hausa, malam ya ce, "Ɗana, biyu daga cikin injinan nan baƙin allo kawai suke nunawa, ƙ ba ta fita a kansu, sai ɗan akwati."

"To Malam, in cire Hausar ke nan?"

"A'a. Yaran su za su karanta."

Rubuta bukata a maimakon buƙata, a cikin manhajar da aka yi domin kada a haɗa baki da baƙi, abu ne da ɗalibin bai iya haɗiyewa ba. Sai ya zauna yana tankaɗe kalmomi. Buƙata ta fita, ɗauko ta fita, haɗa da ƙarshe da ɓace duk suka bi ta. Abin da ya rage a allon, bayan jerin sunayen, layi biyu ne: "Babu su a wannan kwamfuta. A nemo su duka tare, a girka, sannan a sake gwadawa."